Wasiƙar da Malama Saude ta Rubuta

Shekara ashirin da shida Malama Saude ta yi tana koyarwa, goma daga ciki ita ce shugabar wata firamare ta 'yan mata a Gusau, kuma duk yarinyar da ta bi ta hannunta ta san zafin bulalarta. Shi ya sa ranar da matan Ƙungiyar Inuwar Mata suka ɗaga hannu suka zaɓe ta ta riƙe sashen taimakon matan da ake duka a gidajen aure, ita kanta sai da ta yi dariya cikin mayafi. Daga baya in tana ba da labari takan ce, "Sun duba garin nan kaf, suka rasa wadda ta san duka kamata, suka ce to ga gwana."

A shekarar 1997 aka yi haka. Jiha sabuwa ce, ba a daɗe da yanke ta daga Sakkwato ba, kowa na kafa ƙungiya yana rataya allo. Aka tura Malama Saude bita ta kwana uku a Kaduna. Ta dawo da takardar shaida mai adon ruwan zinare a gefe, da littafi cike da rubutun hannunta, da damin fom. Ƙungiya ta kama mata shago a Tudun Wada, tsakanin Mas'udu tela da wani mai gyaran rediyo, aka sa tebur da kujera da benci, aka kuma sassaƙa mata hatimi. Hatimin nan ya fi komai shiga ranta. Kullum da safe sai ta fiddo shi ta hura, ta gwada shi a bayan tsohuwar jarida, ta mayar aljihun tebur.

Wata biyu tana zama daga hantsi zuwa azahar. Baƙi uku ta yi. Ta farko ta tambaya ko nan ake rabon keken ɗinki. Ta biyu ta ɗauka wurin awon ciki ne. Ta ukun akuyar maƙwabta ce, ta ci kusurwar fom ɗaya ta fice abinta.

Ranar wata Laraba da hantsi sai ga mata biyu a bakin ƙofa. Malama Saude ta san ta gaban: Sista Rebecca ce, 'yar Kafanchan, mai aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Tsafe, sun taɓa haɗuwa wurin taron rigakafi. Ta bayan yarinya ce da ba ta wuce ashirin da huɗu ba, hannunta na hagu ɗaure da bandeji an rataye shi a wuya, leɓenta na ƙasa a kumbure. Wata 'yar yarinya mai kamar shekara biyu na riƙe da gefen zanenta.

"Malama, wannan Juwairiyya ce, daga Kucheri," in ji Rebecca. "Jiya aka kawo ta wurinmu. Ta ce ba za ta koma gida ba, ni kuma ba ni da inda zan ajiye ta a Tsafe, kowa ya san mijinta."

Abin kunya ne, amma Malama Saude ba ta ɓoye shi: farin ciki ta fara ji. Ga aiki ya zo. Ta gyara tabarau, ta zaro fom, ta tsoma kai.

"Suna? Shekaru? Sunan mai gida? To, nau'in cin zarafin: duka ne, ko zagi, ko hana abinci, ko tilastawa a shimfiɗa? Ki zaɓi ɗaya."

Juwairiyya ta kalli ƙasa. Can ta ce a hankali, "Ɗaya kaɗai ake zaɓe, Inna?"

Rebecca ta ɗora hannu a kan fom ɗin. "Malama, tun asuba ba ta sa komai a ciki ba. Ko ruwa."

Malama Saude ta ajiye biro. Ta tashi da kanta ta leƙa ta sayo koko da ƙosai, kunya kamar ta nutse. Sai da suka ci, 'yar Juwairiyya mai suna Hauwa'u ta yi barci a kan benci, sannan labarin ya fito, guntu-guntu, ba a jeren da fom ya tsara ba. Mijin sunansa Bashiru, dillalin hatsi ne a kasuwar Tsafe. Shekara huɗu ke nan. Sau uku ta gudu gidansu, sau uku kawunta ya mayar da ita da kansa, don mahaifinta ya rasu, shi kuwa kawun tare suke cin kasuwa da Bashiru. Wannan karon da taɓarya ya buge ta, saboda tuwo ya yi sanyi. Sauran abin, na cikin ɗaki, ta faɗe shi cikin kalma uku ko huɗu tana kallon bango, ba wanda ya nemi ta ƙara.

Malama Saude ta tafi da su gidanta. Mijinta ya rasu tun shekara bakwai, 'ya'ya sun watse, ɗakuna a buɗe. Ta shimfiɗa musu katifa, ta fiddo zannuwa, ta dafa musu shinkafa da wake. Wannan kam ta yi daidai, kuma takan ce a rubuta mata shi, don abin da ya biyo baya ba na rubutawa ba ne.

Da la'asar ta koma shago. Ranta na tafasa, hannunta na ƙaiƙayi. Ta zaro takarda mai tambarin ƙungiya ta rubuta wa Bashiru wasiƙa, da irin muryar da ta saba kiran iyayen yara marasa ji. Ta umarce shi ya bayyana a ofis ranar Juma'a da safe domin a zauna a yi sulhu. Don kada ya ce an sace masa mata, ta ƙara da cewa matarsa da 'yarsa suna nan lafiya a gidanta, bayan masallacin unguwa, gida mai koren ƙyaure. Ta karanta sau biyu, ta yaba wa kanta da tsarin jimla. Sannan ta hura hatimi ta danna shi da ƙarfi, ya fito raɗau. Ta kai tasha ta ba wani direban Tsafe, ta ce a hannunsa za a sa.

Washegari Rebecca ta shigo Gusau karɓar magunguna, ta biyo ta gidan ta duba hannun. Suna zaune a tsakar gida Malama Saude ta ba su labari, har da maimaita jimlar da ta fi burge ta.

Rebecca ta daina naɗa bandeji. "Kin gaya masa inda take?"

"To ai dole a bi ƙa'ida. Mutum ba ya—"

"Malama. Har da launin ƙyaure?"

Juwairiyya ta janye hannunta. Ta miƙe, ta jawo Hauwa'u, tana ƙoƙarin goya ta da hannu ɗaya, zanen na zamewa. "Inna, na gode, Allah shi saka da alheri," ta ce. "Bari in tafi tun bai taho ba. Ba Juma'a zai jira ba."

Babu zargi a muryarta ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi yi wa Malama Saude ciwo. Ta shiga ɗaki ta ɗauko littafin bitar Kaduna, kamar mai neman shaidar da za ta wanke ta. A shafi na biyu, da rubutunta mai kyau, an ja layi biyu da jan biro: kada a taɓa sanar da mai dukan inda matar take, kuma kada a yi komai sai da yardarta. Ita ta rubuta. Har ta tuna ta ɗaga hannu a wurin bitar ta ce wannan ai ko yaro ya sani.

Ta fito da littafin a hannu. "Na yi wauta," ta ce. "Wauta babba, mai hatimi. Juwairiyya, ki zauna minti biyar in yi tunani, in ma ina da abin yin tunanin."

Wuri ɗaya ne ya faɗo mata, kuma shi ne wurin da ba ta so. A Bungudu akwai Hafsatu, yayar marigayi mijinta, tsohuwa mai yin daddawa. Rabon da su yi magana ta kirki tun wurin rabon gado, lokacin da Malama Saude ta ce mata a gaban mutane wanda bai iya karatu ba ya bar masu karatu su yi magana. Amma Bungudu na hanyar Sakkwato, Tsafe na hanyar Funtuwa, Bashiru ba shi da dalilin waiwayawa can.

Rebecca ta je garejin mijinta Ezekiel, makanike ne a Gusau, ya zo da wata tsohuwar a-kori-kura. Kafin azahar sun kama hanya, Juwairiyya a tsakiya ta lulluɓe da mayafin Malama Saude. Duk tsawon tafiyar Malama Saude na shirya jawabin ban haƙuri a zuci, da gabatarwa da kammalawa.

Warin daddawa ya tarbe su tun daga zaure. Hafsatu na zaune a kan turmi tana tsince kalwa. Ta ɗago ta kalli Malama Saude, ta kalli hannun da ke rataye, ta kalli yarinya.

"Yaya, na zo ne—"

"Na gani. Masu karatu ne yau a gidanmu." Ta miƙe tana kaɗe zane. "Ke ɗiyata, shigo nan inuwa. Ɗakin can na ƙurya share yake. Wadda ta zauna cikinai bara 'yar garin Wanke ce, ta bar tabarma."

"Wadda ta zauna?" in ji Malama Saude.

"Ke kina tsammani sai da anka ba ki tebur mata sunka fara gudu?"

Ashe shekaru Hafsatu na yin wannan aiki. Ba suna, ba allo. Matan da suka zo sayen daddawa su ke raɗa wa juna. Malama Saude ta tsaya a tsakar gida da jakarta a hammata, ta ji ta koma 'yar aji ɗaya.

Hafsatu ta dama fura ta miƙa wa Juwairiyya, ta jira ta sha, sannan ta ce, "To, mi kike so a yi?"

Juwairiyya ta ɗago ta kalle ta da mamaki. Da alama ba a taɓa yi mata wannan tambaya ba, kuma Malama Saude ta lura cewa duk cikin tambayoyi goma sha takwas na fom ɗinta babu ita.

"Ba ni son sulhu," ta ce. "An yi sulhu sau ukku. Ina son a raba auren. Kuma ba ni son a raba ni da Hauwa'u."

"To shi ke nan," in ji Hafsatu. Ta juya ga Malama Saude. "Alƙali takarda yake so. Nan ne amfaninki. Amma ki koma gida, kada ki sake tako ƙafa nan sai an aiko miki. In ya biyo ki, ke kin kawo shi."

Juwairiyya ta fi ta sanin mijinta. Suna komawa Gusau maƙwabciya ta ce wani mutum ya zo ya yi ta bugun koren ƙyaure har sau biyu.

Ranar Juma'a da safe ya zo shago. Malama Saude ta shirya wa ƙato mai jajayen idanu. Sai ga wani siririn mutum cikin farar shadda, da hula zanna, yana ƙanshin turare, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa ya durƙusa ya gaishe ta.

"Hajiya, Allah shi ƙara girma. Na ga takardarku. Wallahi na ji daɗi da anka samu manya cikin maganar ga." Ya yi murmushi. "Juwairiyya yarinya ce, tana da saurin fushi. Santsi ya kwashe ta bakin rijiya. Ni da kaina na ce a kai ta asibiti."

Ya iya magana. Ya yabi rubutunta, ya ce ya ba malamai biyu sun karanta sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Malama Saude takan rantse cewa na ɗan lokaci har ta ji zuciyarta na cewa anya yarinyar nan ba ta ƙara gishiri ba. Ita, wadda ta ga hannun da idonta. Yabon rubutu kawai.

"Tana ina, Hajiya? In gan ta mu gaisa."

"Ba ta wurina."

"Takarda ta ce tana wurinki."

"Takardar ta yi kuskure. Mai rubuta ta ma haka."

Murmushin bai tafi ba, amma ya daina kaiwa ido. Ya miƙe a hankali, ya dafa tebur da hannu biyu, ya sunkuyo har ta ji numfashinsa. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Tsohuwa, matata ce. Ki faɗa mani inda kunka kai ta, tun muna mu biyu."

Ta so ta daka masa tsawar da ta saba, wadda ke sa aji shida su yi tsit. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Abin da ta iya kawai shi ne girgiza kai, ta yi ta girgizawa.

Keken ɗinkin da ke maƙwabta ya yi shiru. Mas'udu tela ya bayyana a bakin ƙofa da almakashi a hannu da tef a wuya, mai gyaran rediyo na bayansa.

"Malama, lafiya dai?" in ji Mas'udu. "Mun ji shiru ne. Ba mu saba jin ki shiru ba."

Bashiru ya saki tebur, ya gyara hula, ya yi musu sallama cikin ladabi ya fita. Kwana uku ana ganinsa a unguwar, yau gindin darbejiya, gobe wurin mai shayi. Kwana ukun nan Malama Saude ba ta ci abincin kirki ba, ko faɗuwar murfin tukunya sai ta zabura. Ta riƙa lissafa shekara huɗun da Juwairiyya ta yi cikin irin wannan tsoro a ranta tana kasawa.

A kotu ma ba ita ce ta yi aikin ba, ko da yake ta so. Ta rubuta takardar ƙara, wannan karon sai da aka karanta wa Juwairiyya kalma-kalma ta ce ta yarda. Amma abin da ya tsaya wa alƙali a rai wani littafi ne na Rebecca. Duk zuwan da Juwairiyya ta yi asibiti cikin shekara huɗu, Rebecca ta rubuta rana da irin raunin, har sau biyar, likita ya sa hannu. Alƙali ya juya shafukan ya dubi Bashiru, wanda ya sake kawo maganar santsin rijiya, ya ce, "Malam, rijiyar gidanku tana da santsi ƙwarai." Wata maƙwabciyarsu a Kucheri, da Hafsatu ta san hanyar da ta bi ta lallaso ta, ta zo ta faɗi abin da take ji ta katanga.

Malama Saude ta zo da jawabi shafi biyu. Ta miƙe ta gyara murya.

"Hajiya, ke ce mai ƙara?" in ji alƙali.

"A'a, ranka ya daɗe."

"Shaida ce ke?"

"Ni ce sakatariyar—"

"To a zauna."

Ta zauna. Juwairiyya ce ta yi magana, a tsaye. A zama na uku alƙali ya raba auren saboda cutarwa, ya bar Hauwa'u a hannun uwarta. Ezekiel ya fitar da su ta ƙofar baya, ya zaga ta cikin gari sau biyu kafin ya hau hanyar Bungudu.

Ba a hukunta Bashiru kan hannun ba. Malama Saude ta so a kai maganar wurin 'yan sanda, Juwairiyya ta ce a'a, ta gaji, ba ta son ta sake ganin fuskarsa ko a gaban hukuma. Malama Saude na da hujjoji bakwai a kan harshe. Ta haɗiye su duka, kuma ta ce ba ta taɓa haɗiyar abu mai wuya irin wannan ba.

Hannun ya warke a ɗan karkace, ba ya ɗaukar abu mai nauyi. Juwairiyya ta yi iddarta a ɗakin ƙurya. Kawunta ya aiko cewa ba shi ba ita. Ta yi kuka kwana biyu, a na uku ta fito ta zauna kusa da Hafsatu ta fara koyon tsince kalwa.

Ƙarshen shekara ƙungiya ta shirya babban taro, da rumfa da lasifika da manyan baƙi. Shugaba ta kira Malama Saude gefe ta ce a kawo yarinyar nan ta tsaya a gaban jama'a ta ba da labarinta, a ɗauki hoto, a kuma kira tsohuwar Bungudu a ba ta lambar yabo. Malama Saude ta ji abin ya yi mata daɗi, har ta fara tunanin atamfar da za ta ɗaura. Sai da ta kai gida tana cire takalmi sannan ta gane abin da take shirin yi: ta sake sanar da inda suke, wannan karon da lasifika.

Ranar taro aka kira sashenta. Shugabar sashen sana'a ta gama lissafa mata arba'in da aka koya wa saƙa, an yi tafi. Malama Saude ta karɓi lasifika, abin da ta fi so a duniya bayan 'ya'yanta.

"Mace ɗaya ta zo," ta ce. "Tana lafiya."

"Daga ina? Ya sunanta?" wata ta tambaya daga cikin rumfa.

"Na manta. Tsufa."

Aka yi 'yar dariya, ba a yi tafi ba. Ta ji wata a bayanta na cewa shekara guda cur, mace ɗaya, gara a ba wata sashen. Ta koma kujerarta fuskarta na zafi, ta ci cincin ɗin da aka raba ba ta ji ɗanɗanonsa ba.

Ba a karɓe sashen ba, don ba wadda ta so shi. Ranar Asabar ta hau mota zuwa Bungudu, ta tarar da Juwairiyya a inuwa tana yi wa Hauwa'u kitso, tana tallafe kan da hannun da ya karkace. Ta ba su labarin taron tun daga farko, har da lambar yabon da ta hana Hafsatu samu.

"Ta ƙarfe ce ko ta katako?" in ji Hafsatu.

"Ta katako, Yaya."

"Kash. Da kin karɓo, itace ya yi tsada."

Juwairiyya ta yi dariya har ta saki kitson, Hauwa'u ta samu hanya ta tsere da rabin kai a tsefe. Hafsatu ta turo wa Malama Saude faifan kalwa da ƙafa, ta ce tunda ta zo ta zauna ta yi wani abin amfani. Ta cire tabarau ta sa a jaka, ta ja faifan gabanta.